Yadda Turaren Liatu Ya Shiga Majami'a

A majami'ar Unguwar Jibo, wani ƙauye tsakanin Tsiga da Malumfashi, tun ran da aka aza tubalin farko kowa ya san wurinsa. Maza suna hannun dama a kan dakali, mata suna hannun hagu a kan tabarma. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, shi ya sa ba wanda ya iya soke ta. In baƙo ya tambayi dalili, dattawa sukan ce mata sun fi sakewa a ƙasa, ga goyo, ga miƙe ƙafa. Su matan ba a taɓa tambayarsu ba, don kada a ɗora musu wahalar amsa.

Daga wajen Matazu aka kawo Liatu garin. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, sana'arta daddawa, kuma Allah bai hore mata raɗa ba. In ta ce za ta gaya maka asiri, na bakin rijiya ma ya ji. Mijinta Ishaya lebura ne a gandun daji na Malumfashi, inda ake renon 'ya'yan itatuwa a leda. Shi kuwa in ya buɗe baki da safe ya sake buɗewa da yamma, sai a ce yau Ishaya ya sha surutu. Duk ƙarar muryarta, akwai kalma guda da ba a taɓa ji daga bakinta ba, wato sunan mijinta. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta. Sai dai ta ce "mai gidan nan", ko kuwa "shi".

A shekarar babban fari, 1973, wata Lahadi ana tsakiyar addu'a, kunama ta fito daga ƙarƙashin tabarma ta harbi Liatu a cinya. Kunamar ba ta yi laifi ba, gidanta aka zauna wa. Liatu ta cije leɓe, ta riƙe ihun da ya taso mata, domin dattijon da ke addu'ar bai ma kai kan marasa lafiya ba, yana kan masu mulki. Sai da aka ce amin sannan ta saki. Aka ɗauke ta ranga-ranga, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Dattawa suka zauna a kan lamarin, suka yanke shawara mai kyau: daga yau mata su riƙa kakkaɓe tabarminsu sosai.

Da mako ya zagayo, sai ga Ishaya da kwali ɗaure a bayan keke, cike da 'ya'yan turare, itacen nan dogo mai ganye kamar wuƙa, wanda in ka murza ganyensa yake ƙamshin man zafi. Tsumburarru ne, waɗanda aka tsame aka ce a zubar. Ya dasa su a jere a kan faƙon da ke bayan gonarsu, inda ko ƙaya ba ta son fitowa. Da ya gama ya wanke hannu, ya dubi ƙafar matarsa, ya ce, "In sun girma, matan majami'a za su tashi daga ƙasa."

Gari ya samu abin dariya a shekarar da babu abin dariya. Mutane na kwana a bakin rijiya don tulu guda, ga wasu suna shayar da itace. Itacen ma wane iri? Ba 'ya'ya, ba inuwar kirki, akuya ba ta kallon ganyensa, amfaninsa guda a tafasa a yi sirace in mura ta kama mutum. Liatu ba ta kula ba. Ruwan wanke-wanke, ruwan da ta tsame kalwa, ruwan wankan yara, duk faƙo ake kai su. Ta san kowane dashe da halinsa, wanda ke saurin yaushi da wanda ya fi taurin kai.

Sanƙarau ya ɗauke Ishaya a bazarar 1979, itatuwan sun wuce tsayin ɗaki. Bai bar wasiyya a kansu ba. Ya riga ya faɗa sau ɗaya, kuma ba halinsa ba ne maimaita magana.

Daga nan Liatu ta zama mai gadi. Da kaka ta share ciyawar gindinsu don wutar daji. Ta kori masu neman itacen girki, ta kori magina masu neman dirka. Maƙwabcin gonarta ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa saiwoyinsu na shanye wa dawarsa ruwa, ta je ta amsa ƙarar da muryar da ta sa mai unguwa ya ɗage shari'ar har yau. Mutum guda ne ba ya mata dariya a bayan ido, shi a gabanta yake yi: Mudi kafinta, Musulmi, maƙwabcinsu na katanga, abokin Ishaya tun suna kiwon awaki.

"Matar aboki," yakan ce, "yaya mazan naki na bayan gona? Sun fara kawo cefane?"

"Sun fi ka tsayi, sun fi ka shiru," in ji ta. "Ka ga kuwa sun fi ka abu biyu."

A 1985 ikilisiya ta yi ƙarfi, aka gina sabuwar majami'a ta bulo da rufin kwano, aka kafa kwamitin bencuna. Shugabansa Malam Markus ne, akawu a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, mai babur da farin wando, wanda alƙalami ba ya rabuwa da aljihun rigarsa ko a wurin jana'iza. Ɗan Gwaggo Mairamu ne, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a kan tabarmar hannun hagu. Liatu ta san shi tun yana yawo ba wando, abin da shi bai taɓa yafe mata ba.

Ranar godiyar kaka al'ada ce kowane gida ya fito da baikonsa gaban jama'a, a ɗaga, a faɗi sunan mai shi. Aka kawo dammunan dawa, buhunan masara, zakaru, ƙullin auduga. Da aka zo kan Liatu, sai ta fito da reshe guda na turare a hannu, tunda ba ta iya ɗauko gonar. Ta ce itatuwan da mai gidanta ya dasa sun isa yanka, mutum ba ya iya rungume ɗaya. Ta ba da su duka, a yi bencuna, a fara da gefen mata kamar yadda ya ce.

Mata suka rangaɗa guɗa. Gefen maza aka yi tari.

Bayan an tashi, kwamiti ya kira ta gindin ɗorawa. Malam Markus ya cire tabarau ya goge.

"Mama Liatu, mun gode, Allah ya sa albarka. Sai dai akwai abin da ba ki sani ba. Turare ba katako ba ne."

"To mene ne? Rogo?"

"Itace ne, Mama, amma ba katako ba. Tsagewa yake, yana murɗewa. Da shi ake kafa rumfar kasuwa. Ɗakin Ubangiji kuwa, a ce baƙi sun zo daga Funtuwa sun tarar da mu a kan turare? Me za su ɗauke mu?"

"Za su ɗauke ku mutanen da suka zauna. Uwarka fa, da suke tararwa a ƙasa, me suke ɗaukarta?"

Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, a riƙa tauna magana. Malam Markus ya mayar da tabarau, ya kawo shawarar da kwamiti ya riga ya tsayar tun kafin a kira ta. Ta sayar da itatuwan, ta kawo abin da ta samu a zuba a asusu, in ya taru a sayo katako na gaske, na masu daraja. Da haka, in ji shi, burin marigayi ya cika, ta hanyar da ta dace.

Liatu ta kwana tana juyi. Abin da ya karya ta shi ne, mai gidanta bai ce dole sai an san itacensa ne ba. Cewa ya yi mata su tashi daga ƙasa. In ta wannan hanyar za su tashi, to.

Mai sayen da ya zo wani Alhaji Sada ne, mai shagon katako a Funtuwa. Ya zaga itatuwan yana ƙwanƙwasa su da zobensa, fuskarsa kamar ta mai ta'aziyya. Ya ce turare ne dai, kowa ya san turare. Ya ba ta kuɗin itacen girki da ɗan abin goro a kai. Yaransa suka zo da zarto da gingimari, faƙo ya koma faƙo, sai kututture a jere kamar kawunan masu zaman makoki. Guda ɗaya suka bari, wani mai doro, suka ce bai isa ɗauka ba. Liatu ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ba ta cire ko na gishiri ba, ta kai wa Malam Markus. Ya yaba mata, ya ce da ɗigo-ɗigo tulu ke cika.

Mai doron bai daɗe ba. Da ya rasa 'yan'uwan da ke tare masa iska, guguwar farkon damina ta kwantar da shi. Liatu ta kasa sa shi a murhu. Mudi ya tsaga shi, ya jingine a zaurensa, ya ce ya zauna nan ya riƙa taya shi hira, tunda ya gaji halin mai shi.

Sai da aka yi kaka biyu asusu ya yi nauyin da kwamiti zai iya shiga Funtuwa da shi. Suka dawo a bayan a-kori-kura da katako ja, santsi kamar tafin jariri, kowane da hatimin shuɗin fenti a goshinsa. Suka dawo kuma da kalma.

"Saligina," in ji Malam Markus, yana shafa shi. "Ba kowa ake sayar wa ba."

Kalmar ta zaga gari kafin a sauke kayan. Wani ya ce ta jirgin ruwa ake kawo shi. Wani ya ce gara in ta ciza haƙoranta zubewa suke. Wani ya raɗa wa goɗiyarsa sunan. Aka ɗauko kafinta daga Funtuwa, don ba a ba Mudi irin wannan kaya ya ɓata. Sai dai abu mai daraja ba ya araha, ga kaya sun yi tsada a ƙasa. Da aka auna, katakon gefe guda kawai zai cika. Kwamiti ya zauna ya yi nazari mai zurfi a kan wane gefe ne, Allah da ikonsa nazarin ya faɗa hannun dama. Mata kuma ba a manta da su ba. An sayo musu sababbin tabarmi, aka shimfiɗa a kan siminti, wanda ya fi daɓen da sanyi.

Ranar Asabar mata ke sharar majami'a, wannan aikin ba a taɓa yi musu gardamarsa ba. Liatu na shara kafintan Funtuwa yana rage ƙafar wani benci da ke rawa. Garin katako ya zubo gaban tsintsiyarta. Ta duƙa ta tara, sai ta tsaya. Ta ɗiba ta kai hanci. Ta murza, ta sake shinshinawa. Mace ba ta shekara goma sha biyu tana renon abu ta kasa gane warinsa don an shafa masa mai.

Ba ta ce wa kowa komai ba, abin da ya tsorata maƙwabta. Ran Litinin ta ɗaura zanen fita, ta hau mota zuwa Bakori, daga can ta kama ta Funtuwa.

Shagon Alhaji Sada fili ne babba da rumfar kwano. A ƙofa gungume ne jibge da ɓawonsu, turaren da kowa ya sani. A ciki, cikin inuwa, katakai ne a jere bisa juna, an sa 'yan sanduna tsakaninsu iska na ratsawa, an danne su da duwatsu. A can ƙarshe wani mutum na zaune da gwangwanin shuɗin fenti yana buga hatimi. Liatu ta bi layin da ido daga ƙofa har ƙarshe, ta ga inda turare ke shiga da inda saligina ke fita, ba jirgin ruwa a tsakani.

Alhaji ya gane ta, ya kuma yi murna da ganinta, wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"A'a, Inna ta Unguwar Jibo! Ku kawo mata kujera. Inna, in kina da irin na wancan karo, ko nawa ne ina so."

"Alhaji, abin da ka sayar wa mutanenmu, mene ne?"

"Naki ne mana. Ai da na ji daga garinku suke, na ce a zaɓo musu naki, don ya fi kyau. Itacen faƙo a hankali yake girma, shi ya sa yake da nauyi."

"To mece ce saligina?"

Ya yi dariya, ya gyara zama. Ya ce shi ma a bakin wani ma'aikacin gandun daji ya tsince ta. Wai sunan wani jinsin turare ne a wurin masana, wai kuma a wasu ƙasashe da sunan ake sayar da katakonsa. Shi dai ya ji ta da daɗi a kunne, ya sa aka yanka masa hatimi.

"Amma kada ki ce na yi ƙarya, Inna. Ɗanyen turare in ka tsaga ka buga ƙusa, kafin wata ya yi baki kamar kada. Ni nakan shafe bakinsa da fenti, in jera shi a inuwa ya sha iska damina da rani, in tsame wanda ya murɗe, in goge sauran. Wanda ya tsallake duk wannan, shi nake buga wa hatimi. Ma'anar sunan ke nan a shagon nan: turaren da aka yi wa haƙuri."

"In haka ne, me ya hana ka ce turaren da aka yi wa haƙuri?"

"Na gwada! Wallahi na gwada. Mutum ya zo da babbar riga, in ce masa turare ne busasshe, sai ya ce a bayan gidansu ma akwai. Ba wanda ke son ya biya kuɗi a kan abin da ya san uwarsa da ubansa. Da na canza wa tuwo suna, sai ga layi."

"Ranar da ka zo gonata ba ka ce ya fi kyau ba. Cewa ka yi turare ne dai."

"Ranar ina saye ne, Inna," in ji Alhaji, ko kunya babu. "Yau kuwa hira muke."

A mota tana dawowa ta auna abin. Alhaji ɗan kasuwa ne, kura ba ta taɓa cewa ita tunkiya ce ba. Amma itacen da ta miƙa kyauta, wanda da an jingine shi a inuwa zai zaunar da majami'a gaba ɗaya, shi aka tura ta ta sayar a kuɗin itacen girki, aka haɗa da gumin gari na kaka biyu, aka sayo rabinsa. Rabin ma aka sa a ƙarƙashin waɗanda dama a zaune suke.

Ba ta jira Lahadi ba. Ta tarar da kwamiti a majami'a suna duba aikin fenti, ta faɗa musu tun daga bakin ƙofa, na bakin rijiya ma suka ji. Dattawa suka dubi bencunan kamar an ce musu akwai maciji a ciki. Malam Markus ya gyara tabarau. Ba a banza ya yi makaranta ba.

"Ko da haka ne, Mama, ai ba abin fushi ba ne, abin godiya ne. Dubi ikon Allah. Itace ya bar nan da tsohon hali, ya je an gyara shi, ya dawo da sabon suna. Ba haka ake so kowane mai bi ya zama ba? Burin marigayi ya cika, itacensa na cikin ɗakin Ubangiji."

"A ƙarƙashin wa?"

"Wannan kuma tsari ne. In an samu hali..."

"Markus," ta ce, ta ajiye Malam ɗin a gefe, "ni na wanke maka gindi ranar da ka yi zawo a bikin Kirsimeti. Ban san zan rayu in ga ranar da gindin nan zai fi na uwarka daraja ba."

Maganar sabon suna ta yi wa kwamiti daɗi, har aka yi wa'azi a kanta ran Lahadi. Ɗaya maganar ba a sa ta a wa'azi ba. Don kada irin wannan rikici ya sake tasowa, aka kafa doka, wannan karon a rubuce: ba bencin da zai shiga majami'a sai na saligina mai hatimi, saboda tsari ya zama ɗaya.

Liatu ta shiga zauren Mudi ta tsaya a kan mai doro. Ya bushe, ya yi ja, ya sha inuwa kamar na Alhaji ba da niyyar kowa ba.

"Zai yi benci?"

"Zai yi guda, dogo. Sai dai doron ba zai fita duka ba."

"Masu zama a kai ma duk da doronsu. Yi."

Mudi ya yi benci mai kauri, bai karɓi ko sisi ba, ya ce tsakaninsa da abokinsa ne. Kafin ya miƙa mata, ta sa shi ya kifa shi, ya ƙona ƙusa a wuta ya rubuta wani abu a cikinsa, ta ƙasa. Mata suka ɗauka a kai zuwa majami'a. A bakin ƙofa aka tare su da takarda. Ba hatimi.

Mutanen gari sun zaci nan za a yi ta ta ƙare, har wasu suka fito da kujerunsu don kallo. Liatu ta dubi takardar, ta dubi Gwaggo Mairamu da ke dafe da sanda tana jiran a ce ta zauna, ta haɗiye abin da ya taso mata, kamar yadda ta haɗiye ihun kunama. Washegari aka ga benci ɗaure a saman motar Bakori, mai shi na zaune a ciki ba ta kula kowa.

Alhaji Sada ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Yau ga abin mamaki. Bencin coci ba ya shiga coci sai Alhaji ya sa masa albarka! Inna, ko limancin ma za ku ba ni?"

"Buga dai, Alhaji, rana na yi."

Ya ƙwanƙwasa katakon, ya duba bakinsa, ya ce wannan ya ci hatimi da gaskiyarsa. Mai fenti ya nufi goshin benci inda aka saba bugawa, Liatu ta riƙe masa hannu. Ta sa aka kifa bencin, ta nuna tsakiyar cikinsa, dab da rubutun Mudi.

"Nan."

"Inna, nan wa zai gani?"

"Mai son gani."

Ran Lahadi tun kafin a kaɗa ƙararrawa benci na gefen hagu, tsofaffi sun cika shi, Gwaggo Mairamu a tsakiya tana lilo da ƙafa kamar yarinya. Malam Markus ya shigo da farin wandonsa, ya tsaya.

"Mama Liatu, an yi doka."

"An bi ta. Hatimi na nan."

"Ina?"

"A ƙasa. Duba."

Ya dubi tsofaffin, ko za su tashi a kifa bencin. Ba wadda ta motsa. Uwarsa ta ce, "Ni dai na zauna, ɗan nan. In kana da abin dubawa, ga hanya." Jama'a sun cika, kowa ya zuba ido, doka kuma tasa ce. Malam Markus ya durƙusa. Bai hango ba. Ya dafa hannu, bai hango ba. Sai da ya kwanta rubda ciki a kan tabarmar mata, kuncinsa a kan siminti, ya cusa kai tsakanin ƙafafun tsofaffi. Tun da aka kafa ikilisiyar, shi ne namiji na farko da ya san sanyin wannan wuri, kuma cinnakun da ke zaune a nan ba su nuna masa bambanci ba.

"Akwai," muryarsa ta fito daga ƙasa.

"Karanta mana," in ji Liatu. "Mu ba mu yi makaranta ba."

"Saligina."

"Na gefensa fa? Ranar godiya akan faɗi sunan mai baiko. Nasa ba a faɗa ba."

Can daga ƙarƙashin benci aka ji, "Ishaya."

"Ba a ji a baya ba."

"Ishaya!"

Liatu ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda mace ke yi in an ambaci mijinta a cikin mutane. Gwaggo Mairamu ta ce amin, sauran suka amsa.

Kada a ɗauka an yi gyara. Malam Markus ya karkaɗe wandonsa ya koma hannun dama, kwamiti ya rubuta cewa an karɓi bencin saligina guda, ya kuma yaba wa kansa a kan yadda doka ta yi aiki. Benci ɗaya tsofaffi kaɗan yake ɗauka, ko sun matsu. Sauran matan, masu ciki da masu goyo da masu ciwon gwiwa, suna nan inda kunama ta bar su. Ita kanta Liatu ba ta samu wuri a kai ba, akwai waɗanda suka girme ta. A tabarma take zama, a ƙarshen bencin, ta jingina bayanta da ƙafarsa.

Sai dai turare yana da wani hali da kwamiti bai bincika ba: in an sare shi ba ya mutuwa. Kututturan faƙo sun yi toho, kowane ya fito da 'ya'ya kamar yatsun hannu. Liatu ta bi su da lauje tana rage raunana, tana barin mai ƙarfi guda a kan kowane. Mudi ya riga ya share gefe guda na zaurensa.

Wata rana da yamma Malam Markus ya tsaya da babur a bakin gonar, ya daɗe yana kallon tohon. Ya ce kwamiti na tunanin silin, da mumbari, da ƙofofi. Ya ce in Allah ya raya wannan saliginar, yana fata Mama za ta tuna da ɗakin Ubangiji.

Liatu ba ta ɗago daga abin da take yi ba.

"Saligina a Funtuwa take, Malam, wurin Alhaji, ka san hanya. Wannan turare ne. Kuma an riga an yi masa masu zama."